Shirun Wanda Ba Ya Zaure: Wa Ke Yanke Hukunci a Kan Sunayen Intanet?

A watan Oktoban 2000 an yi wani zaɓe da ba a taɓa yin irinsa ba, kuma har yau ba a sake ba. Hukumar ICANN, mai kula da sunayen adireshin intanet, ta ce duk wanda ya kai shekara 16, yana da imel da adireshin gidan waya, zai iya yin rajista ya zaɓi wanda zai wakilci yankinsa a kwamitin daraktocinta. Kujeru biyar aka ware, kowane yanki na duniya ɗaya. Lambar sirrin da mutum zai yi zaɓe da ita ta gidan waya ake aiko masa. Da aka ƙirga, kimanin mutum 34,000 ne suka kaɗa ƙuri'a a duniya baki ɗaya, kuma daga Afirka duka 130 aka samu. Dokta Nii Quaynor na Ghana ne ya hau kujerar nahiyar. Babu mai ja da cancantarsa, domin yana cikin waɗanda suka fara shigo da intanet Afirka ta Yamma. Abin tambaya shi ne, da bakin wa yake magana idan ya zauna?

Sai an san abin da ake rabo kafin a gane dalilin rigimar. Kowane adireshin intanet yana ƙarewa da wutsiya: .com, .org, .ng ta Najeriya, .ne ta Nijar. Akwai kundi guda da ya lissafa waɗannan wutsiyoyi, sama da 1,400 a yanzu, da wanda ke riƙe da kowace. Hukumomi 12 ne ke tafiyar da manyan na'urorin da ke rarraba kundin ga duniya. Wutsiyar da ba ta ciki, kwamfutar kowa ba za ta same ta ba. Wanda aka ba wa riƙon wutsiya kuwa ya samu rijiyar kuɗi, don duk sunan da aka yi wa rajista a ƙarƙashinta sai an biya shi duk shekara. Kamfanin Verisign da ke riƙe da .com yana karɓar kimanin dala 10 a kan kowane suna, kuma sunayen sun haura miliyan 150.

Shekaru da yawa mutum ɗaya ne ke riƙe da wannan kundi, Jon Postel, masanin kwamfuta a wata jami'ar Kalifoniya, da kuɗin gwamnatin Amurka. Mutum ne da abokan aikinsa suka yarda da amanarsa. Ya guji shiga siyasa har ya rubuta a 1994 cewa ba aikinsa ba ne tantance wace ce ƙasa, wace ce ba ƙasa ba, sai ya jingina da jerin sunayen ƙasashe na hukumar ma'auni ta duniya. Da kuɗi suka shigo harkar, amanar mutum ɗaya ta daina isa. A Janairun 1998 Postel ya umarci takwas daga masu tafiyar da manyan na'urorin su riƙa ɗaukar kundin daga wajensa kai tsaye, suka kuma bi. Cikin 'yan kwanaki fadar shugaban Amurka ta sa aka mayar da komai yadda yake. A shekarar aka kafa ICANN a matsayin ƙungiyar da ba ta neman riba, a ƙarƙashin dokar jihar Kalifoniya, kuma Postel ya rasu a Oktoba kafin ta kankama.

Sabuwar hukumar ta gaji salon injiniyoyin intanet na yanke hukunci. A ƙungiyarsu ta IETF ba a ƙirga ƙuri'a. Idan shugaban zama yana son jin inda zaure ya karkata, sai ya ce masu goyon baya su yi gunji da baki a rufe, sannan masu adawa su yi, shi kuma ya kasa kunne ya ji wanne ya fi ƙarfi. Abin kamar wasa, amma da hikima a ciki: ba a gane wa ya yi wa bai yi ba, don haka yaro ba ya tsoron maigidansa, kuma kamfani ba ya cin riba don ya cika zaure da ma'aikatansa. Ƙa'idarsu ita ce a saurari kowace hujjar adawa a ba ta amsa, ko da ba za a bi ta ba. Wannan yana tafiya daidai a wurin injiniyoyi saboda suna da alƙali a waje: a haɗa na'urorin a gani, ko su yi aiki ko su ƙi. Tambayar ko kamfanin sayar da kaya ne ya fi cancanta da sunan Amazon ko mutanen da ke zaune a bakin kogin, babu na'urar da za a kunna ta ba da amsa.

Duk da haka aka ɗauko salon aka kawo. A majalisar GNSO, inda ake rubuta dokokin wutsiyoyi irin .com da .org, matsaya hawa-hawa ce: akwai wadda kowa ya amince, akwai wadda 'yan kaɗan kawai suka ƙi, akwai goyon baya mai ƙarfi tare da adawa mai nauyi, akwai kuma rabuwar kai. Shugaban kwamitin aiki ne ke faɗin hawan da aka kai. A majalisar gwamnatoci, GAC, mai mambobi sama da 180, ma'anar ta fi sauƙi: an cimma matsaya idan babu ƙasar da ta tashi ta ce ba ta yarda ba a hukumance.

Ga yadda abin ke kasancewa. Kwamiti na zama ta intanet mako-mako, da Turanci, sa'a ɗaya da rabi ko biyu. A kan allo akwai sakin layi na wata doka, ana gardama a kan kalma guda. Lauyan wani kamfani yana magana daga ofishinsa, ana biyansa kuɗin kowace sa'a da ya yi a zaman, kuma ya karanta shafi ɗari biyun da aka raba. A ɗaya ɓangaren akwai malamar jami'a daga Afirka ta Yamma da ta shigo don raɗin kanta, bayan ta gama aikin yini, da datar da ta saya da albashinta. Muryar mai magana na yankewa, ta fita ta sake shigowa. Kafin ta dawo shugaban zama ya riga ya tambaya ko akwai mai ja, ya jira daƙiƙa biyar, bai ji kowa ba, ya ce a rubuta an amince. Babu wanda ya yi maguɗi. An bi ƙa'ida tsaf, ƙofa a buɗe take, kuma zaman na nan a naɗe ga mai son ya saurara. Sai dai ganin Dala ba shiga birni ba ne.

Malaman usulul fiƙhu sun daɗe da tattauna irin wannan matsala. Idan wasu malamai suka faɗi hukunci, sauran suka ji suka yi shiru, shin an yi ijma'i? Wasu sun karɓa da sharuɗɗa: maganar ta kai ga kowa, an ba da lokacin nazari, kuma babu tsoro ko wani uzuri da ya hana magana. An san Imamu Shafi'i da ƙin jingina wa mai shiru maganar da bai yi ba. Idan aka auna matsayar ICANN da waɗannan sharuɗɗa, na farkon ma ba ta cika shi ba. Shirun da take ƙirgawa a matsayin yarda yawancinsa na mutanen da ba su san ana zaman ba ne. A manyan tarukanta ana fassara zuwa harsunan Majalisar Ɗinkin Duniya shida, wani lokaci da na Fotugal, amma aikin gaske a ƙananan kwamitoci ake yinsa, kuma can Turanci ne zalla.

Tsarin kujerun ma yana da nasa nauyin. Majalisar GNSO zaure biyu ce. Na farko na 'yan kwangila ne, wato masu riƙe da wutsiyoyi da dillalan da ke sayar da sunaye, ƙuri'unsu bakwai. Na biyu na sauran jama'a ne, ƙuri'u 13, an raba tsakanin 'yan kasuwa da lauyoyin tambarin kamfanoni a gefe guda, da ƙungiyoyin farar hula da malaman jami'a a ɗaya gefen, kuma waɗannan biyun ba su cika shan inuwa ɗaya ba. Doka ba ta wucewa sai ta samu aƙalla rinjaye a kowane zaure. Ke nan mutum huɗu daga 'yan kwangila sun isa su tsayar da komai. Suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce: sun sa hannu cewa za su bi duk dokar da aka fitar nan gaba, tun kafin su san abin da za ta ƙunsa, don haka dole a ba su garkuwa. Amma a haɗa wannan da cewa kusan duk kuɗin shigar ICANN, sama da dala miliyan 100 a shekara, ta hannun waɗannan kamfanoni yake biyowa. Hukuma ce da ke sa ido a kan masu ciyar da ita.

Inda duk aka ce sai kowa ya yarda, wanda yake jin daɗin yadda abubuwa suke shi ne da riba, don shi ba ya bukatar ya shawo kan kowa, ya ƙi kawai. Rigimar WHOIS ta nuna haka. Tun farkon shekarun 2000 ake gardama a kan ko ya dace a bar suna da lambar waya da adireshin gidan duk mai shafi a fili, kowa ya gani. 'Yan sanda da lauyoyin kamfanoni na so, masu kare sirrin jama'a ba sa so. Kwamiti bayan kwamiti, ba a motsa ba. Sai Tarayyar Turai ta fitar da dokar kare bayanai mai tara mai tsanani, wadda za ta fara aiki ranar 25 ga Mayun 2018. Saura kwana takwas, daraktocin ICANN suka zartar da dokar wucin gadi aka rufe bayanan. Abin da ya gagari zaure fiye da shekara goma sha biyar, majalisar wata nahiya ta gama shi, kuma ya hau kan mai shafi a Kano da Yamai ba tare da an tambaye shi ba.

Zaɓen 2000 fa, me ya kashe shi? Ba ƙarancin ƙuri'un Afirka kaɗai ba. A Japan an yi gangamin rajista har ƙuri'un yankin Asiya suka zarce na ko'ina, a Jamus ma kafofin watsa labarai sun tura mutane, wani ɗan ƙungiyar masu kutsen kwamfuta ya lashe kujerar Turai. Shugabannin hukumar suka ce zaɓen da ba a san iyakar masu zaɓensa ba, duk mai kuɗi ko mai gwamnati zai iya saye shi. A taron Accra na Maris 2002 suka juya wa zaɓen baya, kafin ƙarshen shekarar aka sauya tsarin mulkin. Tsoronsu na da tushe. Maganin da suka kawo ne ya yi tsauri: daga kujeru biyar na zaɓe, masu amfani da intanet suka koma 'yan ba da shawara, sai a 2010 aka ba su kujera ɗaya mai ƙuri'a cikin 16. Takwas daga kujerun wani kwamitin tantancewa ne ke naɗa su, shi kuma kwamitin daga cikin gidan ake haɗa shi.

To ko gwamnatoci ne wakilan jama'a? Shekarar 2012 ta gwada wannan, lokacin da aka buɗe ƙofar neman sababbin wutsiyoyi. Kuɗin takarda kaɗai dala 185,000. Aka samu buƙatu 1,930: 911 daga Arewacin Amurka, 675 daga Turai, 17 daga Afirka. An tanadi tallafi ga marasa ƙarfi, amma uku kawai suka nema, ɗaya ya samu.

A kan .africa masu nema biyu ne, wata hukumar rajista ta Afirka ta Kudu da Tarayyar Afirka ta mara wa baya, da ƙungiyar DotConnectAfrica. A taron Beijin na 2013 majalisar gwamnatoci ta ce a yi watsi da ta biyun, daraktoci suka bi. Ƙungiyar ta kai ƙara gaban kwamitin sulhu mai zaman kansa, a 2015 ya ce ICANN ta karya ƙa'idarta da ta karɓi maganar gwamnatoci ba tare da bincike ba. Aka sake duba takardunta, ta kasa kawo goyon bayan kashi 60 cikin ɗari na gwamnatocin nahiyar da doka ta nema, sai ta garzaya kotu. Sunan nahiyar Afirka ya yi ta jiran alƙalan Los Anjeles har 2017.

Rigimar .amazon ta fi ciwo. Brazil da Peru suka ce sunan na kogi ne da daji da al'ummomin da ke rayuwa a ciki. A Durban a 2013 gwamnatoci suka yi matsaya a kan a hana kamfanin Amazon sunan, kuma matsayar ta samu ne don Amurka ta zaɓi ta yi shiru. Kamfanin ya ɗaukaka ƙara ya yi nasara a 2017, bisa hujjar cewa littafin ƙa'idoji bai sa Amazon cikin sunayen wurare masu kariya ba, kuma gwamnatocin ba su bayyana dalilinsu ba. Aka yi ta neman sulhu da ƙasashe takwas na yankin bai yiwu ba, a 2019 aka ba kamfanin. A bisa doka hukuncin daidai ne. Sai dai dokar ta kare sunayen ƙasashe da manyan biranensu da jihohi, ta bar koguna da harsuna da ƙabilu, saboda lokacin da ake rubuta ta waɗanda ke zaune sun fi damuwa da tambarin kamfanoni. A zagayen ne wani kamfani da ba na Afirka ta Kudu ba ya nemi .zulu, sai da gwamnatoci suka ɗaga murya ya janye.

Wadda ta fi kusa da mu ita ce ta .islam da .halal. Wani kamfani mai rajista a Turkiyya ne ya nema. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da wasu ƙasashe suka ƙi, haka ma Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi mai mambobi 57, ciki har da Najeriya, Nijar, Chadi, Kamaru da Sudan. ICANN ta jingine maganar a 2014, ta yi watsi da ita a 2018. A ganina an yi daidai da ba a miƙa sunan addini ga kamfani ɗaya ba. Amma a dubi maƙwabtansa: .catholic ta tafi hannun fadar Fafaroma saboda akwai hukuma guda da kowa ya sani, .bible kuma wata ƙungiyar Amurka ce ta samu, alhali Kiristocin Habasha da na Jos ba su wakilta ta ba. Tsarin yana jin muryar al'umma ne idan tana da ofishi da lauya da hatimi. Musulmi sun tsira a wannan karo don ministocin harkokin waje sun tsaya, ba don an tambayi malamai ko jama'a ba.

Ranar da aka fi ganin inda iko yake ita ce ta .org. A 2019 ICANN ta nemi ra'ayin jama'a a kan cire iyakar farashin sunayen .org, inda ƙungiyoyin agaji da na addini da makarantu suka yi gida. Sama da mutum 3,000 suka rubuto, kusan duka suna adawa. Aka cire. Bayan 'yan watanni sai ga sanarwar za a sayar da hukumar da ke riƙe da .org ga kamfanin zuba jari Ethos Capital a kan dala biliyan 1.135. Aka yi ta kuka. A tsakiyar Afrilun 2020 babban lauyan jihar Kalifoniya ya rubuto wa ICANN wasiƙa yana neman ta ƙi, kuma ranar 30 ga watan ta ƙi. Daraktocin sun kawo dalilansu, amma kowa ya ga wasiƙar da ta fi nauyi. Jami'in da masu zaɓen jiha ɗaya suka zaɓa ya yi abin da dubban muryoyi daga ko'ina suka kasa.

Duk wannan bai sa na koma bayan masu cewa a miƙa komai ga Majalisar Ɗinkin Duniya ba, inda kowace ƙasa ke da ƙuri'a ɗaya. A takarda ya fi adalci, Nijar da Amurka kunnen doki. Amma gwamnatin da za ta riƙe wa ɗan ƙasa ƙuri'ar ita ce wadda ta rufe Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, ita ce ta toshe shafukan sada zumunta a Chadi fiye da shekara guda daga 2018. Kuma tsarin da ake da shi ya ci wata jarrabawa mai wuya: a 2022, da yaƙi ya ɓarke, Yukren ta nemi a cire .ru ta Rasha daga kundin, ICANN ta ce ba ta da hurumin hukunta ƙasa. Da ƙuri'ar gwamnatoci ake yi, da wutsiyar kowace ƙasa ta zama abin garkuwa a duk rikici. Haka nan tun Oktoban 2016 kwangilar da ta ɗaure hukumar da gwamnatin Amurka ta ƙare, kuma ɓangarori biyar na cikin gida sun samu ikon ƙin kasafin kuɗi da tsige daraktoci. Ƙirga ƙuri'a ma ba ya warkar da komai. AFRINIC, mai raba lambobin intanet a Afirka daga Morishiyas, da zaɓe take tafiya, amma shari'a da wani kamfani ta bar ta shekaru babu daraktoci, kuma zaɓenta na Yunin 2025 soke shi aka yi saboda rigimar takardun wakilci.

Saboda haka ni ban ga laifin neman matsaya ba. Inda gyara yake shi ne a daina ƙirga wakilci da yawan fuskokin da suka halarci taro. ICANN na zagaya nahiyoyi da tarukanta uku a shekara, ta je Nairobi da Dakar da Marrakesh da Kigali, kuma tun 2007 tana ɗaukar nauyin mutane daga ƙasashe masu tasowa su halarta. Wannan alheri ne, amma mako ɗaya ne. Wanda ke riƙe da alƙalami shi ne wanda ya iya zama shekara da shekaru. Tikitin jirgi ba ya sayen wannan, sai albashi. In da gaske ake, a biya ƙwararru daga yankunan da ba su da kamfanoni su yi aikin kwamiti a matsayin sana'a, kuma kafin shugaban zama ya ce an amince, a wajabta masa ya rubuta su wa abin zai shafa da ba su halarta ba, da abin da aka yi don a ji daga bakinsu. Nauyin bai tsaya kan ICANN kaɗai ba. Kujerar kowace ƙasa a majalisar gwamnatoci kyauta ce, kuma ƙasa ɗaya tak ta isa ta hana matsaya, amma sai wakilinta ya zo, ya karanta takardu, kuma ba a sauya shi duk bayan taro biyu ba.

Zagaye na biyu na neman wutsiyoyi, na 2026, kuɗin takardarsa dala 227,000 ne, da rangwame mai yawa ga waɗanda suka cancanci tallafi. Ƙa'idojinsa sun fito ne daga wani kwamitin aiki da ya fara zama a 2016 ya miƙa rahotonsa a farkon 2021, kuma bai faɗaɗa kariyar sunayen wurare yadda ƙasashen Kudancin Amurka suka so ba, don ba a samu matsaya a kan sauyi ba. Idan wani kamfani daga ko'ina ya nemi .hausa ko .sahel, da waɗannan ƙa'idoji za a auna shi, kuma mai son ya ƙalubalance shi sai ya shigar da ƙara cikin wa'adi, ya biya kuɗinta, ya kuma tabbatar wa alƙalan cewa shi hukuma ce da al'ummar ta sani.